Yadda ake ajiye motar lantarki wata biyu ko uku a zafin Saudiyya ba tare da batir ya mutu ba

Lokacin da mutanenmu na Jidda, Makka, Madina da Riyad suka fi tafiya gida shi ne hutun makarantu, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, kuma shi ne lokacin da zafi ya fi tsanani. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami. A irin wannan yanayi ake barin mota a ƙofar gida, a tafi Kano ko Maraɗi da bizar fita da dawowa ta wata biyu ko uku. Tun da Lucid ta buɗe masana'antarta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah a 2023, BYD ta shigo kasuwa a 2024, Tesla ta biyo baya a Afrilun 2025, masu motar lantarki sun ƙaru, kuma tambayar da suke yi kafin tafiya ɗaya ce: in cika ta in tafi, ko in bar ta a jone?

Amsar a taƙaice ita ce ka bar babban batir a wajen rabi, ka sama wa motar inuwa, ka kashe duk abin da zai hana ta barci, sannan ka tabbatar ƙaramin batir yana da lafiya. Kowane ɗaya daga cikin huɗun yana da dalilinsa da kuma wurin da ake kuskure.

Batir biyu ne, kuma ƙaramin ne ke yawan kwantar da mota

Babban batir na litiyam yana shimfiɗe a ƙarƙashin mota, ƙarfinsa folt 400 ne a yawancin motoci, wasu kuma 800 ko sama da haka. Shi kaɗai, in ba abin da ke jan sa, abin da yake rasawa a wata bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Ƙaramin kuwa na folt 12 ne, galibi irin na dalma da ruwan batir da muka saba gani a motar fetur, in ban da sababbin Tesla da ke da ƙaramin litiyam na kusan folt 16 da wasu BYD da su ma nasu na litiyam ne. Wannan ƙaramin shi ke buɗe ƙofa, shi ke tayar da kwamfutar mota, shi ke kunna makunnin da ke haɗa babban batir da sauran mota. In ya mutu, ko da babban yana kashi 80, motar ba za ta ko buɗe ba.

Motar lantarki ba ta da altaneta. Akwai na'urar da ke sauko da wuta daga babban batir zuwa ƙaramin, kuma idan mota na ajiye takan farka lokaci-lokaci ta ɗan cika ƙaramin ta koma barci. To a nan cajin yake tsiyaya. Kowace farkawa tana kunna kwamfuta, wani lokaci har da famfon ruwan sanyaya. In ƙaramin batir ya tsufa ba ya riƙe caji, motar za ta riƙa farkawa akai-akai don ta ciyar da shi, sai ka ga kason babban yana sauka da sauri ba ka san dalili ba. Motoci da yawa kuma idan babban ya yi ƙasa sosai sukan daina ciyar da ƙaramin don su kare babban, daga nan kwanaki kaɗan ne komai ya ɗauke.

Mako guda kafin tafiya: auna abin da motarka ke sha

Kada ka dogara da abin da wani ya faɗa game da tasa motar. Littafin Tesla ya ce a sa ran kusan kashi 1 a rana, amma akwai motocin da ke yin mako ba su sauke kashi 1 ba, akwai kuma waɗanda ke cin 5 a dare ɗaya saboda wani abu da aka bari a kunne. Ga yadda ake gwaji. Ka ajiye motar a wurin da za ta zauna, ka kashe abubuwan da za mu lissafa a ƙasa, ka rubuta kason batir da lokacin, ka kulle ta, ka nisantar da makulli da waya. Kada ka buɗe manhajar motar har kwana uku. Ka dawo ka duba, ka raba abin da ta sha gida uku, ka ninka da kwanakin tafiyarka, ka ƙara mako biyu a kai domin jirgi na iya canzawa, sha'anin gida ma na iya riƙe mutum.

A ce ta sauke kashi 1 a kwana uku. Tafiyar kwana 75 da ƙarin 15 ta zama 90, wato kashi 30. In ka bar ta a 60 za ka tarar da 30, lafiya lau ke nan. In kuwa kashi 1 take sha kullum, 60 ba za ta kai ka ko'ina ba, dole ne ko a jona ta da wuta ko a samu mai caja mata a tsakiya. Manufar ita ce kada ta sauka ƙasa da 20 kafin ka dawo.

A cikin wannan makon ne kuma za a duba ƙaramin batir. In na dalma ne, ka bar motar ta yi barci awa ɗaya ko biyu da bonet a buɗe, ka ɗora mita a kawunansa. Folt 12.6 zuwa 12.8 cikakke ne, 12.4 ya fara raguwa, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa a kwance yake. In ka ga 13.5 ko 14, motar a farke take tana caja shi, wannan karatun ba na batir ba ne, sai ka jira. Zafi na saurin kashe batirin dalma. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu, shi ya sa a nan ba kasafai yake wuce shekara biyu zuwa uku ba. In naka ya haura biyu kuma za ka yi wata biyu ba ka nan, shawararmu ka canza shi kafin ka tafi. Kuɗinsa bai kai wahalar buɗe motar da ta ɗauke gaba ɗaya ba.

Kason da za a bari

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika ta zuwa 100 a daren tafiya da tunanin an yi mata guzuri. Batirin litiyam yana tsufa ko ba a tuƙa shi, kuma abu biyu ke hanzarta tsufan: zafi da cikar caji. Idan ƙwayoyin batir suka zauna a cike, sinadaran ciki suna ci gaba da aiki a hankali suna cinye wani ɓangare na litiyam ɗin, kuma abin da aka rasa ta nan ba ya dawowa. Zafi yana ninka saurin wannan aikin. Mota a kashi 100 a filin rana na Riyad cikin Yuli ta haɗa duka biyun. Ba za ka ga illar a ranar da ka dawo ba, sai daga baya ka lura nisan da take yi ya ragu.

Ɗaya gefen kuma shi ne barin ta a ƙasa. In ta kai sifiri ta zauna makonni, ƙwayoyin na iya faɗuwa ƙasa da iyakar da kwamfutar batir za ta yarda ta sake caja su, kuma kamfanoni suna rubutawa a fili cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ta zo daga barin batir a sifiri.

Saboda haka 50 zuwa 60 ga motar da za ta zauna a jone, ko wadda gwaji ya nuna ba ta sha sosai. In ba wuta kuma lissafi ya nuna 60 ba za ta isa ba, ka hau zuwa 70 ko 80, kada ka wuce. Masu batirin LFP, wani irin batirin litiyam da ke cikin BYD da Tesla masu tafiya da ƙafafun baya na ƙaramin zango, sun saba jin a cika zuwa 100 a kai a kai. Wannan don kwamfuta ta daidaita lissafinta ne, domin ƙarfin wutar LFP kusan ɗaya yake daga 20 zuwa 90, da wuya ta gane ainihin abin da ke ciki sai an kai ƙarshe. Ba umarni ba ne na a ajiye ta a cike wata biyu. Abin da ya fi shi ne ka cika ta zuwa 100 kwana biyu ko uku kafin tafiya don lissafi ya daidaita, ka yi zirga-zirgar sallama da sayayyar tsaraba har ta sauko wajen 60, sannan ka ajiye. Hakan na da amfani, domin LFP da aka daɗe ba a cika ba tana iya nuna 50 alhali abin da ke ciki bai kai ba.

Abubuwan da ke hana mota barci

Na farko a Tesla shi ne Sentry Mode. Yana barin kyamarori da kwamfuta a kunne dare da rana, yana jan wajen wat 200 zuwa 300. Wat 250 sau awa 24 yunit 6 ke nan a rana, kusan kashi 10 na batir mai yunit 60. Yana kashe kansa idan batir ya sauka zuwa 20, amma lokacin ya riga ya cinye maka guzurin tafiyar cikin kwana huɗu ko biyar. Kashe shi. In tsaro ne damuwarka, ka nemi wurin da ke da haris, wato mai gadi, da kyamarar gini. Wasu motocin China ma suna da irin wannan gadin kyamara da wani suna, ka neme shi a saitin tsaro.

Na biyu, jadawalin sanyaya mota kafin fita aiki. Mutane na mantawa da shi ƙwarai. In ka saita ta sanyaya ciki ƙarfe bakwai na safe daga Lahadi zuwa Alhamis, haka za ta ci gaba da kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ciki, kowace safiya ga kujerun da ba kowa. Goge jadawalin gaba ɗaya. Haka nan tsarin hana ciki yin zafi da yawa, wanda a Tesla yake riƙe ciki ƙasa da digiri 40 har awa 12 bayan ka fita. Ciki yake sanyayawa, batir kuma yana da nasa tsarin daban da ke aiki da kansa, don haka kashe wannan ba ya cutar da batir.

Na uku, waya. Duk lokacin da ka buɗe manhaja don ka ga kason batir, ka tashi motar, kuma takan ɗauki mintuna kafin ta koma barci. Mai dubawa sau biyar a rana daga Kano shi ne ke shanye cajin da yake tsoron ya ƙare. Sau ɗaya a mako ya isa. Ka cire ɗan allon motar da ke fuskar waya, ka kuma katse duk wata manhaja ta waje da ka ba izinin shiga asusun motar, irin masu lissafa tafiye-tafiye. Canza kalmar sirri yana yanke su duka. In akwai makulli na biyu ko wayar wani a gida da aka haɗa da motar, a ajiye su nesa, domin makulli da ke rataye a bangon da mota ke bayansa yana iya tashinta dare da rana.

Na huɗu, kayan da aka ƙara: kyamarar gaba da aka jona kai tsaye da fis, na'urar bin sawu, ɗan abin da ake soka wa a ramin gwaji ƙarƙashin sitiyari, caja a ramin USB, ƙaramin firij. Waɗannan daga ƙaramin batir suke sha. Cire su. Sabunta manhajar mota kuma, in ya zo kana tafiya, ka bar shi sai ka dawo, don in ya tsaya a tsakiya ba wanda zai kula.

Wurin ajiya

Inuwa ta fi komai a wannan ƙasa. Mota a rana cikinta na iya haura digiri 70, kwalta kuma tana gasa batir daga ƙasa har bayan magariba. Idan batir ya yi zafi, wasu motoci kan kunna famfo da fanka su sanyaya shi ko a ajiye suke, wannan ma caji ne. Badrum, wato wurin ajiye motoci na ƙarƙashin gini, shi ne na ɗaya, sai gareji mai iska, sai mazalla, wato rumfar mota. Filin ajiye motoci na tashar jirgi da ba rufi ya dace da tafiyar kwana uku, bai dace da ta wata biyu ba.

Amma mutanen Jidda su yi hattara da badrum idan tafiyar ta faɗo tsakanin Nuwamba da Janairu. Ambaliyar Nuwamban 2009, ta Janairun 2011 da ta Nuwamban 2022 duk sun cika ƙananan wurare da ruwa. A wannan lokacin bene na sama a ginin ajiye motoci ya fi, kuma ka tambayi haris ko ruwa ya taɓa shiga. Barin mota a bakin titi ta yi ƙura wata da watanni shi ma yana da nasa haɗari, domin baladiyya, wato hukumar birni, na liƙa wa motocin da ta ɗauka yasassu ne takardar gargaɗi, daga baya ta ɗauke.

Ka sa abin tare rana a gilashin gaba. In za ka rufa mata mayafi, ya zama mai shan iska, kuma kada ya toshe ramukan iska na gaba. Ka kwashe fawa-banki, kwalaben turare masu fesawa, ashana da duk wani abinci, har ƙwayar dabino da ta faɗa ƙarƙashin kujera, saboda ɓera in ya shiga wayoyi yake ci.

A jona ko a bari?

In kana da cajar bango da ƙwararre ya kafa, kuma motarka na da wurin ƙayyade caji, ka jona ta ka sa iyaka a 50 ko 60. Wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali: abin da ta sha za ta mayar daga wutar gida. Kuɗin ba wani abu ba ne. Kashi 1 a rana na batir mai yunit 75 yunit 45 ne a wata biyu, a kan halala 18 na farashin gida, riyal 8 da 'yan kai kafin haraji.

In cajar hannu ce da ake soka wa a soket mai ƙafa uku, a yi hankali. Soket ɗin amfiya 13 ne iyakarsa, ka saukar da caji zuwa 8 ko 10. Kada a yi amfani da wayar ƙari ko mahaɗi mai ramuka da yawa, kada akwatin cajar ya rataya da nauyinsa a kan soket, kada rana ta buge shi. Ka gwada awa biyu ka taɓa filogin. Ɗumi kaɗan ba laifi, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa ko ka ga ya canza launi, wannan soket ba na bari ba kowa ba ne. Ka kuma gwada abu ɗaya: kashe wutar ka mayar, ka ga ko caji zai ci gaba da kansa, domin wasu motoci da cajoji sai an zare an mayar.

Wasu motoci, musamman masu LFP, ba su da wurin sa iyaka, in ka jona sai 100. Irin waɗannan kada a bar su a jone. A bar su a 60 a zare, wani ya zo bayan wata guda ya duba. Cajar kasuwa irin ta EVIQ ko ta manyan shaguna kuwa ba wurin ajiya ba ce.

Game da cire kan ƙaramin batir: hanya ce da wasu kamfanoni suka yarda da ita ga ajiya mai tsawo, wasu kuma suka hana. A Tesla kada ka yi. A sauran, sai in littafin motar ya ce a yi, domin da ka cire, ƙararrawa, manhaja, makullin lantarki da kulawar batir duk sun tsaya. In ya halatta, ka kashe motar, ka tabbatar makullin ƙarfe na buɗe ƙofar direba, ka jira mintuna ta yi barci, ka kwance kan mai alamar ragi da sifana lamba 10, ka naɗe shi da tef ya kauce. Wayoyi masu launin lemo na babbar wuta ne, ba a taɓa su ko da wasa. In akwai soket kusa, ƙaramar caja mai kula da batir ta fi cirewa, amma a batirin dalma kaɗai, da saitin da ya dace da irinsa. Ba a ɗora ta a kan ƙaramin litiyam.

Taya, birki da wanda za ka bar wa amana

Taya na rasa PSI 1 zuwa 2 a wata, motar lantarki kuma tana da nauyi, sai wurin da ya taɓa ƙasa ya baje. Da safe kafin rana ta yi zafi, ka ƙara PSI 3 a kan abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ba tare da ka wuce iyakar da ke gefen taya ba. In ka wanke mota, ka ɗan zaga da ita kana taka birki har faifan ya bushe kafin ka ajiye. A raɓar Jidda da Dammam faifai jiƙaƙƙe kan yi tsatsa ya manne da takalmin birki.

Wanda za ka bar wa makulli, ka rubuta masa abin da zai yi a takarda: duk mako biyu ya leƙa ya ga fitilar caja da ƙarƙashin mota, sau ɗaya a wata ya kunna ta har alamar shirin tafiya ta fito, ya bar ta minti 20 zuwa 30, ya ɗan matsar da ita, in ta sauka zuwa 25 ya caja ta zuwa 60 ya tsaya. In zai hau titi da ita, ka yi masa tafwid, wato izinin tuƙa motarka, a manhajar gwamnati ta Absher tun kana nan, ka kuma duba ranar ƙarewar tamin da istimara, wato inshora da rajistar mota.

Ranar dawowa

Kafin ka kunna, ka zaga ta. Duba ƙasa ko akwai ɗigon ruwa, buɗe bonet ka ga ko ɓera ko kyanwa sun yi ɓarna, mayar da iskar taya daidai. In akwai alamar ruwa ya kai ƙasan mota, laka a cikin ƙafafu ko danshi a kafet, kada ka kunna kuma kada ka caja; a fitar da ita fili nesa da gini kamar mita 15, a kira wakala, wato dilan kamfanin motar. In ka ga hayaƙi ko ka ji ƙara daga ƙasa, ka nisanta ka kira Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, a 998.

In komai lafiya, caji na farko ya zama na gida a hankali, ba mai sauri ba, LFP kuma a kai ta 100 don lissafi ya dawo daidai. A kilomitocin farko ka taka birki da ɗan ƙarfi sau da yawa a hanyar da ba cunkoso, ƙarar gogar tsatsa za ta tafi.

In ta ƙi buɗewa, kusan kullum ƙaramin batir ne. Zaro makullin ƙarfe daga cikin rimot, ramin yana ɓoye a hannun ƙofar direba. A Tesla Model 3 da Model Y babu wannan. Ana cire ɗan murfin da ke bamban gaba, a ba wayoyi biyun da ke ciki folt 12, bonet ya buɗe. Daga nan a yi ishtirak, wato a ba ƙaramin batir wuta daga wani batir, kamar kowace mota, ja a kan mai alamar tarawa, baƙi a wurin da littafi ya nuna, har mota ta farka. A bar ta a kunne rabin awa ko a jona ta da caja, sannan a kai batirin gwaji, domin na dalma da ya kwanta makonni ba kasafai yake komawa yadda yake ba. In babban ne ya ƙare, ba a ja da igiya, saboda juyawar ƙafafu na juya injin lantarki ya haifar da wutar da za ta iya ƙona kayan ciki. A kira sataha, wato motar da ke ɗaukar mota a bayanta, a gaya wa direban tun a waya cewa motar lantarki ce kuma ƙafafunta na iya kasancewa a kulle, don ya taho da 'yan tayoyin da ake sa wa a ƙarƙashi.